Sauya jerin tambayoyin SRQ-20: a gwada kafin a yanke hukunci

Malama, kin tambaya ko za ki iya sauya yadda aka jera tambayoyin SRQ-20, takardar da ake tantance alamun damuwa da ita, a binciken da za ki yi kan mata masu jego a nan Damagaram, da kuma irin lissafin da zai nuna miki ko sauyin ya taɓa sakamakon. Na daɗe ina cika irin wannan takarda da mata a Birni da ƙauyukan Mirriya, kuma shawarata ita ce kada ki sauya komai sai kin gwada.

Takardar, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta a 1994, tana da tambayoyi 20 na e ko a'a. Tana farawa da ciwon kai, rashin son abinci da rashin barci, sai a ta 17 take tambayar tunanin kashe kai. A wurinmu karanta wa mace ake yi da baki, sau da yawa a tsakar gida, uwar miji na kusa. Na taɓa ganin ma'aikaciyar da ta gaggauta kawo tambaya ta 17 tun da wuri, matar ta sunkuyar da kai, ta ja mayafinta, daga nan duk abin da aka tambaye ta sai ta ce "lafiya lau", har ciwon kan da ta yi kuka da shi da muka shigo. Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai yake faruwa ba, domin a 1988 masu bincike Strack da Martin da Schwarz sun nuna cewa amsar da ɗalibai ke bayarwa kan jin daɗin rayuwa tana sauyawa idan an fara tambayarsu batun soyayya.

Hanyar gwaji ita ce ki raba matan gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba da zaɓin ma'aikata ba, rukuni ɗaya ya amsa jerin asali, ɗayan kuma sabon jerin. Kada ki tsaya ga kwatanta jimillar maki, saboda wata tambaya na iya hawa wata ta sauka, jimillar ta zauna yadda take. Ki yi gwajin Mantel-Haenszel a kan kowace tambaya: ki haɗa matan da jimillarsu ta zo ɗaya daga rukunonin biyu, ki duba ko suna cewa e daidai gwargwado. Ma'aunin alfa na Cronbach, mai auna yadda amsoshin tambayoyi ke tafiya tare, wanda ɗalibai ke yawan dogara da shi, ba zai nuna miki wannan ba.

Akwai kuma wani jeri da ake rikitawa da wannan, wato jerin tsanani: shin duk mace, mai ƙaramar damuwa da mai babba, ta fi saurin amsa e ga rashin barci fiye da tunanin kashe kai? Wannan aikin hanyar Mokken ne, ta 1971, kuma akwai ƙunshin mokken a manhajar lissafi ta R. Ma'aunin H da wannan hanya ke bayarwa, idan bai kai 0.3 ba, yana nufin tambayoyin ba su hau layi ɗaya ba. Ina zargin tambayoyin ciwon jiki za su ba ki wahala a lokacin damina, tunda zazzaɓin cizon sauro shi kaɗai ya isa ya sa mace ta amsa e ga ciwon kai da gajiya, don haka ki rubuta watan da aka yi kowace hira. Kuma duk jerin da kika bi, ki tanadi likitan da za ki tura duk wadda ta amsa e ga ta 17 a ranar.