Windows da Ubuntu a laptop ɗaya: za su iya raba rumbun bayanai guda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sa Windows 11 da Ubuntu a laptop ɗina, in na kunna sai in zaɓi wanda zan shiga. Ina haɗa manhajar lissafin kaya ta shagon yayana da MySQL (manhajar rumbun bayanai), kuma na gaji da shigar da kaya a Windows in koma Ubuntu in tarar babu su. Zan iya ajiye fayilolin MySQL wuri guda su biyun su riƙa karantawa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yana yiwuwa, amma da lissafin dukiyar yayanka ba zan ce ka gwada ba.

Masu yin haka suna ware wani ɓangare na faifan ajiya, su tsara shi da NTFS (tsarin ajiye fayiloli na Windows) tunda duka biyun suna karanta shi, sannan su nuna wa kowace MySQL wurin. Matsalar tana farawa daga harufa. A wajen Windows, tebur mai suna Kaya da mai suna kaya abu ɗaya ne; a wajen Linux kuwa, wanda Ubuntu nau'insa ne, biyu ne. Saitin da ke kula da wannan, lower_case_table_names, yana zuwa a 1 a Windows, a 0 a Linux, kuma daga MySQL 8.0 ba a canza shi bayan an kafa rumbun. In saitin ya saɓa, ƙin tashi MySQL take yi. Ga AppArmor, tsarin tsaro na Ubuntu, wanda ke hana ta taɓa fayilolinta a wani wuri ban da mazauninsu na asali, /var/lib/mysql, sai ka ba ta izini da hannunka. Sannan duk ranar da ɗaya ta samu sabuntawa ta ɗaga tsarin fayilolin, ɗayar na iya kasa buɗe su.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Fast Startup. Tun Windows 8, in ka danna kashewa Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, barci take yi da faifan a hannunta. Sai ka shiga Ubuntu ka ga wurin ya buɗe don karatu kawai. In ka tilasta rubutu a kansa, fayiloli na iya lalacewa, ba kuma za ka sani ba sai ranar da yayanka ya nemi jerin masu bashi. Ko me ka zaɓa, kashe shi yau: buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta powercfg /h off.

Da ni ne, tunda shago ɗaya ne da kwamfuta ɗaya, SQLite zan koma, wani tsarin rumbun bayanai daban da MySQL. Rumbun gaba ɗaya fayil ne guda, kuma an tsara shi ya buɗe daidai a Windows da Linux. Ajiye shi a ɓangaren NTFS ɗin, shi ke nan.

In kuma malaminku ya ce lallai sai MySQL, bar kowace da nata rumbun. Kafin ka fita daga ɗaya, fitar da bayanan zuwa fayil da umarnin mysqldump, in ka shiga ɗayar ka loda su. Rubuta sunayen tebura duka da ƙananan harufa. Fayil ɗin nan da ka fitar, riƙa kwafa shi a filasha kowane dare bayan an rufe shago.