Kumbhalgarh da Nathdwara a Rana Ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko daga birnin Udaipur na Indiya za a iya zuwa ganuwar Kumbhalgarh (tsohon sansanin sarakuna a kan tudu) da wurin bautar Hindu na Nathdwara a dawo ranar. Za a iya, amma ka ɗauki shatar mota ku fita da sassafe. Ku fara da ganuwar, kusan kilomita 85 ce, hanyar duk kwana-kwana cikin duwatsu, kuma hawan tudun da tsakar rana akwai wuya.

Sharaɗin yana Nathdwara: sau 8 ake buɗe ƙofa a rana, kowanne na ɗan lokaci. Mu mun tarar an rufe, muka daɗe muna jira cikin cunkoson masu ziyara. Don Allah ka tambayi lokutan kafin ku tashi. Waya da takalmi kuma a waje ake barinsu.