Ɗaukar wasan kwaikwayon ɗalibai da waya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasan kwaikwayon ƙungiyarku ta ɗalibai a Jidda zai ɗauku da waya ya zama gajeren fim. Zai ɗauku, amma ba ranar da 'yan kallo suka cika zaure ba. Ware rana daban, ka ɗauki kowace fitowa sau uku: ɗaya daga nesa, biyu a kan fuskoki.

Sauti ne ke ɓata irin wannan aiki. Kunne ya saba da ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, makirufo kuwa kwashe shi yake kaf. A kashe ta, a jure zafin minti 5. Maƙala ƙaramin makirufo a ƙirji, taki ɗaya daga baki, a tafa sau ɗaya kafin a fara don daidaita murya da hoto. 'Yan wasa kuma su sassauta murya, ɗaga ta na dandamali ne.