Amsa ga mai tambaya kan sinadarin fuloraid a man goge baki

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin ce kin ji ana cewa fuloraid guba ne, ga shi kuma ɗanki mai shekara 2 yana haɗiye man goge baki, shi ya sa kike tambaya ko ki daina saya gaba ɗaya. Na daɗe ina aiki a sashen haƙori na wani asibitin gwamnati, kuma shawarata ita ce kada ki daina, amma ki karɓe ragamar matsa man daga hannun yaro.

Farin rufin haƙori an gina shi ne da wani ma'adini mai ɗauke da kalsiyam da fosfet, wanda masana ke kira haidroksi-afatait. Duk lokacin da yaro ya sha alawa ko lemon kwalba, ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna cin sukarin su fitar da asid, kuma da zarar tsamin baki ya ƙaru har lambarsa ta sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, rufin nan yakan fara narkewa a hankali. Wannan shi ne asalin kogon da mutanenmu ke ɗora wa tsutsar haƙori. Yawu yana ƙoƙarin mayar da ma'adinan da suka zube, to idan akwai fuloraid a wurin, sai ya shiga cikin ginin ya samar da fuloro-afatait, wanda ba ya narkewa sai tsamin ya kai wajen 4.5. Mafi yawan amfaninsa yana samuwa ne ta taɓa haƙori kai tsaye, don haka ba a buƙatar yaro ya haɗiye man, kuma shi ya sa muke cewa a tofar bayan an goge, kada a kurkure baki da ruwa nan take.

Maganar guba kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai magana ce ta adadi. Ki juya bayan kwalin za ki ga an rubuta 1000 zuwa 1450 ppm, wato adadin miligiram na fuloraid a kowane kilo ɗaya na man. Bututu mai giram 100 na 1450 ppm yana ɗauke da miligiram 145 na fuloraid, likitoci kuma suna ɗaukar miligiram 5 a kowane kilo na nauyin jiki a matsayin adadin da ke buƙatar gaggawa. Yaro mai kilo 10 sai ya lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na bututun kafin ya kai can. Hakan yana iya faruwa, domin man yara yana da ɗanɗanon 'ya'yan itace, saboda haka a ajiye shi inda hannunsu ba ya kaiwa. Idan ya faru, a ba yaron madara, don kalsiyam ɗinta yana kama fuloraid a ciki, sannan a wuce asibiti da bututun a hannu.

Abin da na fi gani a wurin aiki shi ne fararen ɗigo ko zane-zane a haƙoran gaba bayan famfara. Wannan yana zuwa ne idan fuloraid ya yi yawa a jiki lokacin da manyan haƙora ke ginuwa a cikin dasashi, wato kafin shekara 8. Sau da yawa idan na tambayi uwa yadda take matsa man, sai ta nuna mini da yatsa cewa tana cika buroshin daga wannan kai zuwa wancan, yadda ake nunawa a talla. Yaron da bai kai shekara 3 ba, a shafa masa kwatankwacin ƙwayar shinkafa ɗaya. Daga 3 zuwa 6, ƙwayar wake ta isa, sau biyu a rana, babba yana tsaye a kansa yana koya masa tofarwa.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne ruwan sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita, amma wasu rijiyoyin burtsatse sun zarce haka saboda irin dutsen da ke ƙasa. A Tibiri ta jihar Maradi, ruwan da aka sha shekaru da dama ya ninka wannan iyaka, har yara da yawa suka tashi da haƙora masu ruwan ƙasa da lanƙwasassun ƙafafu. An kuma san yankin Langtang a jihar Filato da irin wannan tabo a haƙora. Wanda ke shan irin wannan ruwa kullum, abin da ke shiga jikinsa ya fi na buroshi nesa ba kusa ba, tafasa ruwan kuma ba ya cire shi. Hukumar da ta sa waccan iyaka ita ce kuma ta saka man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magungunanta a 2021.

Aswaki yana da kyau ƙwarai wajen cire dauɗa, kuma ba na hana kowa shi, amma yaron da ke shan zaƙi kullum yana buƙatar su biyun. Ki duba lambar NAFDAC da adadin ppm kafin ki saya. Idan kuma kin lura yaran unguwarku da yawa suna da tabon ruwan ƙasa a haƙoransu, ku haɗa kai ku kai ruwan rijiyarku ɗakin gwaji a auna, sannan ki kai sakamakon ga likitan haƙori ya tsara muku adadin da ya dace da yaronki.