Hatsarin jirgin ƙasa: laifin ma'aikaci ne ko na gwamnati?

Tambaya: Salam Malam. Na ga irin zanga-zangar da aka yi a Girka a 2025 kan hatsarin jirgin ƙasa na Tempi, shekara 2 da faruwar abu amma mutane ba su huce ba. Ni dai abin ya ɗaure min kai, tunda an ce ma'aikacin tasha ne ya yi kuskure kuma an kama shi, minista ma ya ajiye aiki, to me kuma ake nema wajen gwamnati? Sannan tsakanin Chaina da Jamus da Japan, jirgin wa ya fi inganci?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Eh, ma'aikacin tashar Larissa ya yi kuskure, babu mai musu. Daren 28 ga Fabrairu 2023 ya saka jirgin fasinja da ya taso daga Athens zuwa Thessaloniki a kan layin da jirgin kaya ke tahowa, suka yi taho-mu-gama, mutum 57 suka mutu, da yawansu ɗalibai ne da ke komawa makaranta bayan hutu. Amma fa a harkar layin dogo ba a taɓa gina tsari a kan cewa ɗan Adam ba zai yi kuskure ba, ana gina shi ne da sanin cewa dole wata rana wani zai yi, ko don gajiya ko barci ko ƙarancin horo.

Ga yadda abin yake. Ana raba layi yanki-yanki, da jirgi ya shiga wani yanki akwai na'urar da ke sanin yana ciki, sai siginar shiga wurin ta koma ja, akwai kuma wadda ke kulle mahaɗar layi ta hana a buɗe wa jirgi biyu hanya ɗaya ko da ma'aikaci ya danna, sannan ga ta cikin jirgin kanta da ke taka burki idan direba ya ƙetare ja ko ya wuce gudun da aka ƙayyade. A wancan yanki na Girka wannan kariya ba ta cika ba. Tun 2014 aka sa hannu kan kwangilar gyaran sigina da sarrafa jirage daga nesa, wadda suke kira kwangila ta 717, da kuɗin Tarayyar Turai a ciki, ya kamata a gama a 2016, amma har ranar hatsarin ba a gama ba, kuma ƙungiyar ma'aikata ta yi gargaɗi 'yan makonni kafin nan. Jiragen nan sun yi mintuna da dama suna tunkarar juna ba abin da ya tsayar da su. To kaga in aka tsaya kan mutum ɗaya an bar jaki ana dukan taiki kenan.

Abin da ya fi tunzura iyayen yaran kuma shi ne abin da ya biyo baya. Cikin 'yan kwanaki aka shigo da manyan motoci aka kwashe ƙasar wurin aka zuba tsakuwa aka daidaita, alhali an ga wata ƙatuwar wuta ta tashi bayan karon kuma har yau ana jayayya kan abin da ya haddasa ta. Rahoton hukumar binciken hatsari da ya fito a Fabrairun 2025 da kansa ya ce an rasa muhimman hujjoji. Ministan sufuri Kostas Karamanlis ya sauka washegarin hatsarin, gaskiya ne, amma murabus ai abu ne mai arha, ba ya mayar da hujjar da aka kwashe.

Ni in ana so a auna gwamnati bayan hatsari, wurin tarkacen nake fara kallo. Dubi Wenzhou a Chaina, 23 ga Yuli 2011. Tsawa ta lalata na'urar sigina, kuma maimakon ta koma ja kamar yadda ƙa'ida ta ce duk na'urar da ta lalace ta yi, sai ta nuna kore, jirgi mai gudu ya afka wa na gabansa ta baya a kan gada, mutum 40 suka rasu. Washegari aka ga motocin haƙa suna binne kan jirgin a rami, an kuma ce an gama ceto sai ga wata yarinya 'yar shekara 2 an ciro ta da rai bayan wajen awa 20. Da 'yan jarida suka matsa wa kakakin ma'aikatar jiragen ƙasa, Wang Yongping, sai ya ce musu ko sun yarda ko ba su yarda ba shi dai ya yarda. Wallahi wannan magana ta ɓata wa ma'aikatar suna fiye da komai. Sai dai a yi adalci, ta fannin gyara sun yi: an rage gudu, a Disamba rahoto ya fito ya ɗora laifi kan jami'ai 54 da kuma lahani a ƙirar na'urar, a 2013 ma aka rushe ma'aikatar jiragen ƙasa baki ɗaya, sai 2017 aka koma gudun kilomita 350 a awa tsakanin Beijing da Shanghai. Wato wajen faɗin gaskiya sun faɗi, wajen gyaran ƙarfe sun ci.

Kada kuma ka ɗauka ƙasashen da ake yabo sun tsira. A Eschede ta Jamus a 1998 ƙafar jirgin ICE, wato jirginsu mai gudu, ta tsage, mutum 101 suka mutu, shari'ar injiniyoyi ta ƙare a 2003 da biyan kuɗi ba tare da an samu kowa da laifi ba, kuma sai 2013, bayan shekara 15, shugaban Deutsche Bahn, kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, ya fito ya ba iyalai haƙuri.

Tsarin da na fi yarda da shi irin na Birtaniya ne, inda tun 2005 suke da hukumar RAIB wadda ba ta ƙarƙashin kamfanin jirgi, ba ta gurfanar da kowa, aikinta kawai ta gano me ya faru ta wallafa kowa ya karanta. Hikimar ita ce ma'aikacin da ya san maganarsa ba za ta kai shi gidan yari ba shi ke faɗin cewa sigina ta yi wata uku tana wasa. Ɗan sanda na nasa binciken daban.

Yanzu batun inganci. Nan mutane ke haɗa abubuwa daban-daban wuri ɗaya, gudu da tsaro da zuwa kan lokaci, alhali kowanne da ma'auninsa.

In tsaro ne, Shinkansen, jirgi mai gudu na Japan, babu na biyunsa, tun 1964 yake aiki ba a taɓa rasa fasinja ta hanyar karo ko kaucewa daga layi ba, kuma ba wani sihiri ba ne, galibin layinsa nasa ne shi kaɗai, ba jirgin kaya mai jan jiki a gabansa, ba mahaɗar da mota ke tsallakawa. Amma wannan Japan ɗin ce ta ga Amagasaki a 2005 a layin gari na yau da kullum: direba ɗan shekara 23 ya makara da kamar daƙiƙa 90, ya shiga kwanar da ya kamata a bi da kilomita 70 a awa yana gudun 116, jirgi ya daki wani benen mutane, rai 107 suka tafi har da shi. Bincike ya nuna tsoron hukuncin kamfani ne ya cika masa kai, don direban da ya yi kuskure ana cire shi daga tuƙi a sa shi rubuce-rubucen tuba da cire ciyawa. Son kiyaye lokaci ma in ya wuce gona da iri kisa yake.

Chaina ta fi kowa faɗi, layin gudunta ya haura kilomita 45,000, ya fi na sauran duniya a haɗe, jiragen kuma sababbi ne masu tsafta, sai dai tashoshi da yawa na can bayan gari, kafin ka isa ka ci wani ɓangare na lokacin da gudun ya rage maka.

Jamus kuwa tsohon suna take ci. Jiragenta na da daɗin zama kuma suna da tsaro, amma a 2024 kashi 62.5 cikin 100 kacal na jiragen dogon zango suka zo kan lokaci, kuma su a wajensu sai an kai minti 6 ake cewa an makara, wanda aka soke ma ba ya cikin lissafin. Dalili shi ne an daɗe ba a zuba kuɗi a layi da gadoji ba, ga jirgin kaya da na gari da mai gudu duk suna cunkushe a hanya ɗaya.

In ka matsa min sai na zaɓa, cikin ukun nan Japan zan ce. Amma da ka saka Suwizalan a jerin da ita zan ɗauka, duk da jiragenta ba su da wani gudu na a zo a gani. Sama da kashi 90 cikin 100 suke zuwa kan lokaci a ma'aunin minti 3, jadawalinsu a ɗinke yake ta yadda kana sauka daga wannan wancan na jiranka, har ta kai in jirgin Jamus ya makara sosai sukan dakatar da shi a Basel, birninsu na kan iyaka, su sa nasu ya ci gaba da tafiyar, don kar ya shigo ya ruguza musu jadawali.