Tambayi Likita: Cikin 'yan biyu gareni, an ce ɗaya ya fi ɗaya girma

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Cikina sati 26 kuma 'yan biyu ne, na je sikanin aka ce ɗaya giram 900 ɗayan 680, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wasu na cewa rashin cin abinci na ne, wasu kuma wai babban ne ke cinye rabon ƙaramin. Dan Allah mene ne gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Da farko ki cire wa kanki maganar abinci, duk abin da kika ci jininki ɗaya yake shiga, inda matsalar take shi ne hanyar da yake bi ya isa ga kowane yaro, wato mabiyiya da igiyar cibiya.

Dama 'yan biyu ba sa zuwa daidai wa daida. Lissafin da muke yi, a cire nauyin ƙaramin daga na babban sai a raba da na babban, in ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari toh nan muke sa ido sosai. Naki ya kama wajen kashi 24, duk da dai shi sikanin kiyasi ne yana iya kuskure da kamar kashi 10 ko fiye.

Tambayar da nake so ki yi wa likitanki gobe-goben nan: mabiyiya ɗaya ce ko biyu? Wallahi duk maganar a nan take. In kowa da tasa, galibi ta ƙaramin ce ba ta aiki yadda ya kamata, kuma abin ba ya taɓa ɗan uwansa. Amma in guda ɗaya suke rabawa, wani ya samu yanki babba wani ƙarami ko igiyarsa ta maƙale can gefe, sannan jijiyoyin jininsu a haɗe suke, shi ya sa abin da ya samu ɗaya yana iya shafar ɗayan. A irin wannan cikin ne ake samun matsalar da likitoci ke kira TTTS, a kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu shi, wato jini ya riƙa tafiya daga ɗaya zuwa ɗaya, mai bayar da jinin ruwan da yake kwance ciki ya ƙafe, mai karɓa kuma nasa ya yi yawa. Ana maganinsa da leza, wato wani haske mai ƙarfi na na'ura, a ƙone jijiyoyin da suka haɗa su, yawanci tsakanin sati 16 da 26, kin ga ke kina bakin lokacin, kar ki yi jinkiri.

Masu mabiyiya ɗaya sikanin duk sati biyu ne tun daga sati 16, masu biyu duk sati huɗu, in an ga bambanci irin naki sai a ƙara matsowa, a haɗa da Dopla mai duba gudun jini a igiyar cibiya. Shi zai nuna ko a jira ko a ciro su da wuri, in da wuri ne za a miki allurar da ke ƙosar da huhunsu.

Ki riƙa awon hawan jini duk zuwa awo. In motsi ya ragu, ko ciki ya yi girma farat ɗaya har numfashi na miki wuya, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko ruwa ko jini ya zubo, ki tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, kar ki jira ranar da aka ba ki.