Amsa: Siminti ya yi tsada bayan na karɓi kwangila, zan iya neman ƙari?

Malam, ka ce ka karɓi aikin ginin ajujuwa a nan Kano, siminti da rodi sun tashi, kuma injiniyan ma'aikata ya ce ka ƙara katanga. Waɗannan matsaloli biyu ne, kada ka haɗa su a takarda ɗaya.

Batun katanga ya fi sauƙi, amma a nan ake cin mutane. Idan ba ta cikin jadawalin aikin da aka sa hannu a kai, to ƙarin aiki ce. Kada ka aza bulo ko ɗaya sai an ba ka umarni a rubuce, da farashin da aka amince da shi. "Yi kawai, za mu san yadda za a yi" ba ta zama hujja a ofishin akanta, musamman idan an yi wa injiniyan sauyin wurin aiki.

Tashin farashi kuwa ya danganta da yarjejeniyarka. In akwai sharaɗin daidaita farashi, tara rasit na da da na yanzu, ka rubuta da wuri. In farashi tsayayye ne, roƙo kawai za ka yi. Bayan cire tallafin fetur a 2023, 'yan kwangila da dama sun sha wannan.

Idan kuma aka jinkirta biyanka, dokar sayen kayayyakin gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce kuɗin da aka jinkirta fiye da kwana 60 yana jawo ƙarin ruwa bisa abin da yarjejeniya ta tanada. Aikin jiha kuwa, dokar jiha za ka duba.